Filasta a Gindin Kula

"Saki kular nan, ɓarauniya!" Rhoda ta fizga, maƙwabciyarta Ezinne ta riƙe gam.

Maman Yoila, mai gidan da suke haya a Gomari, ta fito rabo.

Ezinne ta kifa kular abincin. "Mama, duba filastar da na manna. Ga sunana."

"A kan tawa kika manna," in ji Rhoda. Ta sa farce ta ɓamɓare, sai ga sunanta a ƙasa. "Mama, ɓarauniya ta bar gidan nan yau!"

Maman Yoila ta shafa filastar Rhoda, ta ji tudu. Ta ɓare ta. Wata tsohuwar filasta ta bayyana, da sunan Maman Yoila.

"Tun bikin 'yata nake neman kular nan. Rhoda, me kika ce a yi wa ɓarauniya?"