Kuɓewar Umma a Bokitin Fenti

A saman benen da muke haya a unguwar Ain Khaled, can ƙasar Larabawa, Umma take koya mini karatu, tsakanin bokitan fenti da ta shuka kuɓewa a ciki. Ni ke tara musu ruwan da ke ɗiga daga esi.

Wata la'asar tsohuwar da ke da gidan ta hawo tana haki. "Khalas, ya isa haka, a kwashe wannan tarkace!"

Umma ba ta yi musu ba, sai ta miƙo mini wuƙa. "Yanko wa Hajiya masu taushin."

Na yanko, ganyen na yi mini ƙaiƙayi. Tsohuwar ta jujjuya su a tafinta, can ta ce a ajiye mata iri.

Har yau in ƙaiƙayin kuɓewa ya kama hannuna, sai in ji na ƙara tsawo don alfahari da Umma.