Hancin Ummu Ziyad

Ummu Ziyad ta ƙyasta ashana, ta ƙona 'yar takarda a faranti, ta zagaya da hayaƙin a ƙofar ɗakin tukunyar ɗumama gida. Ta tura farantin ƙarƙashin kabad, sannan ta kurma ihu.

"Abu Ziyad! Ƙauri nake ji! Wallahi takardunka ne!"

Shekara tara ke nan tana roƙon mijinta ya kwashe kwalayen jarrabawar tsofaffin ɗalibansa da ya jibge a jikin bututun hayaƙi. Kullum amsarsa ɗaya, wai in ya raba su da ɗumin wurin, danshin hunturun birnin Amman zai lalata su. Yau dai ta gaji da ɓata bakinta.

Sai ga malam a guje, takalmi wari ɗaya.

"Kashe tukunyar, baiwar Allah! Kashe!"

Ya shiga jidar kwalaye yana haki, ita kuwa tana toshe dariya da mayafi.

"Bi a hankali, kar 'ya'yan naka su kwashi mura."

Da ya janye kwali na ƙarshe, wanda ke manne da bututun, sai bayan kwalin ya rufto. Ya ƙone ƙurmus, jan garwashi na cin takardun ciki a hankali.

Nan take ta daina dariya. Ɗakin jikokinta ne daidai saman wurin.

Bayan ya sheƙa ruwa, Abu Ziyad ya dube ta, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi wa hancin nan naki albarka. Tun daga kicin kika jiyo?"

Ta sa ƙafa ta ƙara tura farantin ciki.

"Tun daga kicin."