Nama Mai Wuyar Samu

Ma'aikacin gidan abincin na ajiye farantin naman, jini ya malalo har ƙarƙashin dankalin.

Tun da aka buɗe gidan abincin Amurkawan nan na unguwar Bukit Bintang wani ɗalibin digiri na uku yake yi wa matarsa alkawarin kawo ta. Da aka tambaye shi yadda yake son a gasa naman, ya gyara tabarau ya ce, "Rare." Sannan ya fassara mata: "Wato mai wuyar samu. Ba kowa ake ba wa ba."

Ta taɓa naman da cokali. "Dakta mai jiran gado, wannan ai da an kai shi asibitin dabbobi zai tashi."

Ya tauna loma ɗaya, ya haɗiye da ƙyar. "Haka Amurkawa ke ci."

Ita dai ta yafito ma'aikacin ta ce, "Tapau," wato a ƙunshe a tafi da shi, aka ƙunshe musu.

Da la'asar, a ɗakinsu na unguwar Danau Kota, ta mayar da naman farfesu. Ya suɗe kwano tas, ya miƙa a ƙara masa.

Ta rufe tukunya.

"Haba Dakta, ai rare ne. Ba kowa ake ba wa ba."