Wa Ya Ƙirƙiro?

"Ba ni ba ne, Malama," in ji mai walda, yana ja da baya daga injin ban ruwan da aka haɗa da tsohon babur.

Haka kowa ya ce mata a layin masu sana'a. Mai gyaran rediyo ya rantse, kafinta ya nuna maƙwabcinsa. Jami'a ce ta turo ta binciken masu ƙirƙira a yankin, kuma rahotonta hukuma ke jira kafin ta yanke hukunci: a gina musu rumfuna ko a tashe su. Malamar ta yi makonni tana tambaya ɗaya: "Wa ya ƙirƙiro wannan?" Abin ya ɗaure mata kai. Ga injuna, babu masu yi.

Ranar da za ta rubuta "babu" a rahoton, ta tarar innarta ta ritsa matar yayanta a tsakar gida.

"Ke kika ƙirƙiro maganar nan?"

"Wallahi ba ni ba ce, Inna! Ni maƙaryaciya ce?"

Malamar ta tsaya cak da jaka a kafaɗa. Ashe kalmar da ta ɗauko daga littafi, a nan da ita ake tuhumar maƙaryata.

Ta koma layin, ta dafa injin. "Wannan dabarar wa ce?"

"Tawa ce mana," in ji mai walda.

"Ji ɗan rainin hankali!" Mai gyaran rediyo ya leƙo. "Wa ya ce ka juya bel ɗin?"

Kafin ta zaro biro, layin duka ya taso.