Kwamfutar da Take Gaida Kowa

Garba ya danna maɓalli. Kwamfuta ta yi tari ɗaya kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta zubo farin rubutu a baƙin allo, sannan ta tsaya cak. Ya san sauran. Kafin ta gama tashi, mutum zai iya kai riga marinar Ƙofar Mata ya dawo.

A soron gidansu na Kabara ya buɗe wurin buga takardu, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Kasuwa ta buɗe, don kowa na son aika wa sabon zaɓaɓɓe takardar taya murna mai ɗauke da roƙo a ƙarshenta. A watan farko, na'urar kan tashi kafin ya gyara zama. Ya manne wa kujera daga safe har magariba. Gaisuwar mahaifiyarsa, 'Yardada, ta koma "Inna, ina kwana" a tsaye, ƙafa ɗaya a tsakar gida, ɗaya a soro. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ce masa ya zauna.

Sai kwamfuta ta fara nawa.

Mai duba ta Gwadabe ne, ɗan ƙanin Inna, abokin wasan Garba. Shi ya haɗa ta tun farko, shi kuma yake leƙo ta duk mako. Ya tsuguna ya yi masa bayani kamar mai koya wa yaro alwala.

"Kafin ta soma aiki sai ta bi kayan da aka haɗa mata ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Firinta, kana nan? Allon rubutu, an tashi lafiya? Kowanne da ɗan aikensa a cikinta, direba ake ce masa. In ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta tsaya bakin ƙofa tana jira. Tarbiyya gare ta, ba irinka ba."

"To hana ta, ɗan banza."

Gwadabe ya yi 'yan danne-danne, ya shiga gida gaida gwaggonsa, ya fito yana goge maiƙon dambun nama a leɓe. Washegari nawar ta ƙaru.

Wata safiya Garba ya zura wa rubutun ido, ya ga tana neman sikana mai ɗaukar hoton takarda, tana neman modem mai haɗa ta da layin tarho. Ba shi da sikana. Gidan ko wayar tarho babu.

"Da su ta zo daga Turai," in ji Gwadabe. "Dangi ne. Ba a yanke zumunci da garaje."

Tunda zaman kallon baƙin allo ba ya ƙara wa mutum komai, Garba ya koma shiga cikin gida ya jira. Yakan zauna a tabarmar ƙofar ɗakin Inna. Ita kuwa sai ta juya masa baya ta shiga bai wa akuyarta labari: wa ya haihu a Ƙofar Dawanau, wa ya yi rikicin gado, yadda kakan wani yaro ya taɓa faɗawa rijiyar baba a marina ya yi mako yana shuɗi. Kullum akwai kofin kunun gyaɗa a gefen tabarma, ko da yake akuya ba ta shan kunu. In na'ura ta yi kiɗan tashi, sai ya miƙe, labari ya katse.

A soro kuwa abin ya fara ci. Masu takarda sukan gaji da jira su wuce shagon buga takardu na Luba a Ƙofar Mata. Ana cikin haka sabon kansilan mazaɓa ya aiko cewa zai zo ranar Asabar da safe ya ga aikin Garba da idonsa. Tsakanin Garba da Luba, wanda ya fi sauri shi zai riƙe duk takardun ofis. Kansila kuwa, tun ranar da aka rantsar da shi haƙurinsa ya ƙare.

Daren Juma'a bai yi ba sai da Garba ya tsaya a tsakar gida yana faɗa wa matarsa Jummai, da muryar da maƙwabta ma suka ji, cewa in aikin nan ya kuɓuce sai dai ya rufe soro. Kuma Gwadabe bai iya komai ba sai cin dambu. Inna ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ranar Asabar Gwadabe ya yi sammako. Bai yi tsokana ba, bai nemi shayi ba. Ya taɓa nan, ya goge can, ya kashe na'ura ya shige gida.

Kansila ya iso da mutum huɗu a bayansa, ɗaya riƙe da jaka, sauran riƙe da baki. Garba ya yi bisimilla a zuci ya danna maɓalli. Kafin kansila ya gama tattare hannun babbar rigarsa, kiɗan tashi ya cika soro. Ba sikana, ba modem, ba jiran kowa.

"Wannan ita ce dimokuraɗiyya," in ji kansila. Mutanensa suka ce ƙwarai. Aiki ya zama na Garba.

Suna fita ya nufi cikin gida da albishir. Sai a hanya ya tuna an daɗe rabon da ya shiga wurin Inna ba kwamfuta ce ta koro shi ba. Takalman Gwadabe na bakin ƙofa, ƙamshin dambu na fitowa ta labule. Ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya ji muryar Inna, kuma yau ba da akuya take ba.

"Aron yau na ba ka, saboda kansila. Gobe ka mayar wa kwamfutar baƙin nan duka, ka ƙaro mata guda mai nauyin kunne. Jiya ko rabin labarin gadon ban kai ba ta tashi."