Mai Gyaran Kwamfuta da Wasan Yayansa

Ɗan ƙanena, ka ce ba za ka je duba mahaifiyarka ba sai ka gama kintsawa. Zauna tukuna in ba ka wani misali.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da ya tashi tare da yayansa a gida ɗaya. Suna samari, mahaifinsu yana da shagon buga takardu, kuma idan aiki ya lafa sukan zauna gaban tsohuwar kwamfutar shagon su yi wani wasan dabarun yaƙi. A wasan, mutum yakan fara da 'yan manoma kaɗan, ya sa su sare itace, su yi noma, su gina ganuwa, har ya tara maharban da za su tsare garinsa. Yayan ne ya koya masa. Shekaru suka tafi, mahaifin ya rasu, shagon ya rufe, yayan ya zama direban babbar mota, kowa ya kama iyalinsa. Sai ciwon ƙoda ya kwantar da yayan. Wata rana ƙanen ya je dubiya, ya same shi ya rame, yana jingine da matashi. Yayan ya sa matarsa ta ɗauko tsohon faifan wasan daga cikin adaka, ya miƙa masa ya ce, "Kai ne gwanin na'ura. Ka tayar mana da wannan mu ɗan buga, zaman kwanciyar nan ya ishe ni."

To shi ƙanen ya daɗe da komawa kan Linux, tsarin nan na kyauta wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara, shi kuwa wasan ba don wannan tsari aka yi shi ba. Sai ya nemo wata manhaja mai yin tafinta tsakanin su biyun, ya yi ta gwaji. Da fari allon ya yi baƙi, daga baya launuka suka fito a hargitse, ciyawa ta zama ja. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita. Kafin mako ya zagayo wasan ya tashi: ga manoma suna kai da kawo, ga ganuwa tana hawa. Sauti ne kawai babu. Ba kiɗan da ke buɗe wasan, ba ƙarar gatari a jikin itace. Ya kira yayan ya gaya masa. Yayan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kawo shi a haka, ni zan yi masa kiɗan da baki." Ƙanen ya ce, "A'a Yaya, ka bari in kawo maka shi cikakke, kamar yadda muka san shi."

Ba ƙin yayansa yake yi ba, ƙauna ce ta sa shi. Yana so ya ga fuskar mutumin nan idan kiɗan ya tashi. Saboda haka duk yammacin da ya rufe shagonsa na gyara, maimakon ya nufi unguwar su yayan, sai ya zauna yana tambayar mutanen da bai taɓa gani ba a dandalin intanet na masu wannan tsari, wannan ya ce sauya kaza, wancan ya ce goge kaza. Idan ma ya je dubiya, a tsaye yake gaisuwa, hankalinsa na kan na'ura. Matar yayan ta kira shi ta ce, "Yayanka fa yana ta tambayarka, jikin ba kamar da ba." Ya ce ta gaya masa saura ƙiris. A kwanakin nan yayan yana iya zama, idonsa na gani, hannunsa na iya riƙe kofin shayi. Kwanakin suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshe wani bawan Allah daga wata ƙasa mai nisa, wanda ya taɓa fama da irin matsalar, ya nuna masa inda ƙullin yake. Wata safiya ya danna, kiɗan ya cika shagon. Ya rungumi kwamfutar ya tari a-daidaita-sahu. Da ya shiga ɗakin sai ya tarar an kwantar da yayan a ƙasa, ido a rufe, numfashi na fita da ƙyar, kawunsu na zaune a gefen kansa. Ya durƙusa ya kira shi, bai amsa ba. Cikin ruɗewa ya buɗe kwamfutar ya kai ta kusa da kunnensa, kiɗan ya tashi ras, babu ko gargada. Kawun ya dafa kafaɗarsa a hankali ya ce, "Kashe wannan, ɗana. Kalmar shahada muke laƙƙana masa." Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Bayan zaman makoki, ya rubuta yadda ya warware matsalar ya sa a dandalin, don al'adar mutanen wurin ke nan, wanda ya samu hanya ya nuna wa na baya. Har yau baƙi daga ƙasashe daban-daban suna aiko masa da godiya, suna cewa wasan ya tashi musu da sautinsa, sun buga da 'yan'uwansu. Yakan karanta ya kife wayar. Shi bai ƙara buɗe wasan ba.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.