Tabaran Baffa Maliki

Motar ba ta gama tsayawa a ƙofar gidan ba Maliki ya zare baƙin tabaransa ya cusa a hannun riga. Nan take ranar Sandamu ta soke shi a idon hagu, har sai da ya yi salati a ransa.

Kwana tara ke nan da aka cire masa yanar ido a Daura. Likitocin da suka zo aikin sun yi wa tsofaffi da yawa, na gari da na ƙauyuka, kuma kowa aka ba shi tabarau iri ɗaya, baƙi wuluk, mai faɗi kamar na masu walda. Likitar da ta sallame shi ta ja masa kunne sosai, ta ce bazara ce, rana ba ta wasa da sabon aiki, kada ya kuskura ya fita ba tabarau sai wata ya cika. Maliki ya bi maganarta sau da ƙafa. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake shiga kasuwar dabbobi, abokansa dillalai na ta tsokanarsa wai da tsufansa ya koma ɗan gayu.

Amma yau ba ranar gayu ba ce. Ya zo ne nema wa Yazid aure, ɗan yayansa marigayi, wanda ya riƙe tun yana rarrafe. Yazid na son Adawiyya, ita ma tana son sa, iyaye mata har sun fara kiran juna a waya. Sai dai wuƙa da nama suna hannun baffanta, Malam Suhaibu, kuma duk Sandamu an san halinsa. An ce ya taɓa korar masu neman aure tun daga gaisuwa, don kawai ɗaya daga cikinsu ya durƙusa masa da baƙin tabarau a fuska. Shi a wurinsa rashin kunya ce, ba ya magana da mutumin da ba ya ganin ƙwayar idonsa. Ga shi kuma an riga an ɗaga zuwan nan sau ɗaya, aka ce Malam ya yi 'yar tafiya, abin da Maliki ya ɗauka alamar ja da baya ce.

Da ma a zaure za a zauna, da da sauƙi. To ana yi wa zauren yaɓe kafin damina, don haka a waje aka shimfiɗa tabarma, ƙarƙashin wata darbejiya da aka sassare wa rassa. Maliki da ƙanensa Usman suka tarar da Malam Suhaibu a zaune yana jiransu, suka tuɓe takalma suka zauna. Da dabara ya zaro tabaran ya tura ƙarƙashin bakin tabarmar, tsakaninsa da mai gidan. Ya ji ya ci karo da wani abu, ya ɗauka tsakuwa ce.

Da ya ɗaga kai ya dubi Malam Suhaibu, sai ya ga babu alamar fara'a. Tsohon ya murtuke fuska, ya haɗe gira, ya ƙanƙance idanu, kansa a sunkuye. Ko sau ɗaya bai dubi baƙinsa ba. Gaisuwar ma a gajarce yake amsa ta, kamar wanda aka tayar daga barci.

Inuwar kuwa sai janyewa take yi, har ta bar su a fili. Hasken rana ya bugi farin rairayin ƙofar gidan ya dawo musu a fuska. Idon Maliki ya fara raɗaɗi, ruwa na bin kumatunsa har cikin gemu. Tsoro ya kama shi da gaske, don ya san daɗin ganin da ya dawo masa bayan shekara uku yana laluben takalminsa a ƙofar masallaci. Usman ya raɗa masa cewa ya mayar da abin nan kafin ya jawo wa kansa. Maliki ya tuna yadda Yazid ya rako su har bakin mota yana murza hula, sai ya mintsini Usman a cinya.

Ya kwana biyu yana shirya jawabi mai tsawo, da asalin gidansu, da kakanni, da sana'ar yaron, saboda an ce Malam kan yi wuni guda yana tambayar asalin mutum. Amma bai wuce sunan marigayi yayansa ba tsohon ya ɗaga hannu.

"Mun san gidanku. Mun ba ku. A yi fatiha."

Ya faɗa yana goge idonsa da bakin rawani. Maliki ya ji kunya ta rufe shi. Ashe mutumin da yake ta zargi a zuci, ambaton maraya kaɗai ya isa ya sa shi hawaye! Aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa, guɗa ta tashi daga cikin gida. Daɗi ya cika Maliki har ya kusa mance raɗaɗin.

Da aka fara miƙewa sai ya saci jiki ya zura hannu ƙarƙashin tabarma. Ya kama tabaran ke nan yana janyowa, sai ya ji wani busasshen hannu ya damƙe ɗaya gefen yana ja. Suka dubi juna a karo na farko, kowa da jan ido ɗaya yana zubar da ruwa.

"Malam Maliki, sakar mini," in ji Malam Suhaibu a hankali. "Naka na can gaba kaɗan. Wannan nawa ne, kwana tara ban cire shi a rana ba sai da na ji tsayuwar motarku."